Takalman Kujeru

Bakwai da rabi na safe a Sheffield,
duhu bai gama naɗe tabarmarsa ba,
ina zaune a ƙasa da wuƙar yankan albasa
ina tsaga tsofaffin ƙwallayen tanis.
Ɗari da sha shida nake nema:
kujera ashirin da tara, kowacce ƙafa huɗu.

Don Oskar ne.
In aka ja kujera a daɓe,
ga sauran yara ƙara ce kawai,
shi kuwa allura ce cikin kunne,
sai ya shige ƙarƙashin tebur
kamar kunkurun da ya ji takun mutum.

Ifrah a leɓɓana take jin magana.
Saboda ita na daina yi wa allo bayani,
na koyi tsayawa inda hasken taga ke sauka a fuskata.
Callum kuwa zama ciwo ne gare shi,
sai na naɗa shi manzon aji.
Yakan kai ambulan ofis, ko da babu komai ciki,
sakatariya ta sani, ta karɓa, ta yi godiya,
ya dawo da numfashin da zai ishe shi lissafin minti goma.

Kada in yi ƙarya, ran Laraba na daka tsawa.
An sallami mataimakiyata, wai kuɗi sun ƙare,
ni kuma hannu biyu gare ni kamar kowa.
Oskar na kuka, Callum na kan taga,
na ɗaga murya har gilashi ya amsa.
Ifrah kaɗai ba ta ji ba.
Ta gani.
Washegari na tsuguna daidai tsawonsu na ba su haƙuri.

Shugabar makaranta ba ta san
abin da ke fito da ni da sanyin nan ba.
Ina da wa a Gumel, Lawandi.
Haruffa rawa suke masa a takarda,
wannan ya ari rigar wancan.
Malam ya ce daƙiƙi, ya mai da shi bencin baya,
bulala ta koya masa tsallake katanga.
A aji huɗu ya rataye jaka.
Yau in injin markaɗe ya ƙi tashi
ko janareto ya kama tari,
Lawandi zai kara kunne ya ce ga inda ke ciwo.
Amma in na rubuta masa saƙo
sai 'yarsa ta dawo daga makaranta.

Nan akwai Maisie, ita ma baƙaƙe na guje mata.
Na buga mata shafi a takarda ruwan ƙwai,
na yanka kwali mai 'yar taga,
layi ɗaya kawai ke leƙowa.
Jiya ta karanta jimla bakwai,
a hankali, kamar mai tsallaka rafi kan duwatsu.
Ba wanda ya yi dariya.
Callum ma ya manta da ƙafafunsa.

Ga su nan, rigunan ruwa na ɗiga.
Oskar ya ja kujerarsa, ya dakata.
Ya sake ja. Shiru.
Ya ja ta uku don ya tabbatar,
sannan ya zauna, bai dube ni ba,
ban kuma nemi ya duba ba.

Saura ƙofa, har yanzu tana kuka in an buɗe.
An jima zan kira Lawandi.
Na san abin da zai ce:
kara wayar kusa, Ladiyo, in ji.