Idan Ƙanƙara Ta Narke

Shekara goma sha tara ina wanke ruwan Bursa.
Abin da gari ya zubar da dare
ni nake tarbarsa da asuba,
in raka shi tafki bayan tafki
har ya fita fes ya faɗa kogin Nilufer.
Wari bai taɓa kayar da ni ba,
hancina ya daɗe da yin sulhu da shi.

Abin da ya kayar da ni bai fi ƙwayar riɗi ba.
Wani ɗan ƙuda ne mai gashi-gashi,
fiffikensa kamar an barbaɗa masa toka.
Ba ya cizo, ba ya harbi.
A kan duwatsun tacewa ake ƙyanƙyashe shi,
ya kwana biyu a duniya, ya mutu a gindin fitila,
gawarsa ta bushe ta zama gari.
Garin nan nake shaƙa.

Kowa na murna in ƙanƙara ta narke a kan Uludag.
Gulsum tana buɗe tagogin gidanmu,
ni ina laluben maganin shaƙa a aljihu.
Ido ya yi jawur, hanci ya zama famfo,
ƙirji na fito kamar butar shayi a kan wuta.
Nevzat yana tsaye gefena cikin gajimarensu
yana cin burodi da zaitun,
ko atishawa bai taɓa yi ba.

Likita ta ce mura ce.
Shekara uku, mura ce.
Sai da na tara gawarwakinsu a kwalba
na dire mata a tebur.
Aka jiƙa, ta ɗiga a damtsena, ta ɗan tsaga fata.
Kafin shayinta ya huce
wurin ya tashi, faɗin kwabo.
Ta daɗe tana kallon hannun, ba ta ce uffan ba.

Yanzu an mai da ni ɗakin na'urori,
gilashi tsakanina da ruwa.
Numfashi ya dawo, kuɗin aikin dare ya tafi.
Da yamma nakan hango Ferit, sabon ɗauka,
yana share ƙarƙashin fitilu da busasshiyar tsintsiya,
takunkumi a haɓa.
Jiya na ƙwanƙwasa masa gilashi:
yayyafa ruwa tukuna, rufe hancinka!
Bai ji ni ba.
Ya ɗago min hannu yana dariya,
sannan ya murza idonsa da bayan hannu.