Igiya Bakwai a Ƙugun Anselmo

Ƙarfe shida, Buwenos Aires na miƙa,
ni kuma ina ɗaura igiya bakwai a ƙugu.
Shekara ashirin da uku ina yawo da karnukan mutane,
gwiwata ta hagu ta haddace ramukan titin Ribadabiya.

Masu wucewa kan ce kare ai kare ne.
Su zo su riƙe igiyar.

Ga Niyebe, haski, jikar masu ja a kan ƙanƙara.
Janairu a nan wuta ne, kwalta na gasa tafin ƙafa,
ita kuwa riga biyu aka ɗinka mata, ba maɓalli.
Nakan taɓa titi da bayan hannu kafin ta taka.
Maigidanta ya ce a aske ta, na ce kul!
Gashin da ke tare sanyi shi ke tare rana.
A taje shi, a ba ta inuwa da ruwa,
a bar ta da dogon kukanta mai tsinka zuciya.

Tito buldog ne, fuska kamar ya ci karo da bango,
numfashi sai ka ce tsohon injin niƙa.
Taku ɗari, mu tsaya. Taku ɗari, mu tsaya.
Nakan share lungunan kumatunsa da auduga,
don danshi in ya kwana a can, ƙuraje za su yi sallama.

Poca doguwa ce a kwance, gajeriya a tsaye,
bayanta gada mai nisan ginshiƙi.
Ba ta hawa matakala. Ɗaukarta nake,
hannu a ƙirji, hannu a gindi,
tana sama tana zagin wanda ya fi ta sau goma.
Barkono ke nan, ba a raina shi don ƙanƙanta.

Cispa fa, kakanninta tumaki suka kiwata,
ita an ajiye ta a hawa na tara.
Ta cinye matashin kai uku da takalmin biki.
Ba mugunta ba ce, zaman banza ne.
A lambu tana tara tattabaru, tana tara yara,
har ni takan kora in na kauce layi.
Gajiyar ƙafa ba ta isarta,
sai na ɓoye ƙwallo, kanta ma ya gaji.

Fudul biyu, tagwaye, ba su da labari:
gashi mai ƙulli, kunne mai son a duba,
da girman kai.

Na bakwai Filako ne, galgo.
Ana iya ƙirga haƙarƙarinsa daga tsallaken titi.
Wata mata ta taɓa yi mini faɗa, wai ina horonsa da yunwa.
Haka aka ƙera shi, Hajiya, in ji zuciyata,
bakina kuwa ya ce, sinyora, gafara dai.
Minti biyu yana gudu kamar an harba kibiya,
sauran yini barci.
Yuli in ya zo da sanyinsa, kakkarwa yake, ba kitse,
shi ya sa Doniya Erminiya ta saƙa masa koriyar riga.
A bakin hanya ta tsince shi ɗaure da waya,
mafarauta sun gama da shi.
Tabon na nan a wuya,
don haka abin wuyansa mai faɗi ne, mai laushi.

Talatar da ta wuce na danna ƙararrawa,
ba wanda ya sauko.
Ulises mai gadi ya fito, ya cire hula.
Ya miƙo mini igiya, da rigar, da rabin buhun abinci,
da 'yar takarda, rubutun mai rawar hannu:
Ba ya cin abinci in ana kallonsa.

Da azahar ina mayar da shida gidajensu.

Ɗakina ɗaya ne, da taga mai kallon layin dogo.
Nakan ajiye kwano a ƙasa,
in juya fuskata bango kamar mai laifi,
in tsaya.
Jirgi ya wuce. Shiru.
Sai can in ji harshe ya taɓa ƙarfe.