Awa Huɗun da Suka Ɓace

Ni mai gyaran agogo ne a Nima,
teburina yana jikin bango, daura da mai koko.
Shekara talatin jirage na ratsa samana,
ƙararsu na girgiza ƙananan kusoshi a faranti,
ban taɓa ɗaga kai ba.

Jiya na ɗaga.

Fuseina ce a ciki, da jaka biyu,
da yajin da uwarta ta daka mata da dare,
da takardar aikin jinya a wani asibitin New York.
Ta ce, Baba, kilomita dubu takwas ne da ɗoriya.
Na ce, ni ban san kilomita ba,
faɗa mini da harshen sana'ata.
Ta ce, awa goma sha ɗaya.
Na ce, to, yanzu kika yi magana.

Ran nan kuma ɗan tagwaicinta, Alasan,
ya hau bas zuwa Bawku sayen albasa.
Ya riga ta fita da asuba, kamar ranar haihuwarsu,
da ya riga ta da minti goma
yake ta yi mata gori har yau.

Na aje agogo biyu a gabana,
ɗaya nata, ɗaya nasa,
na ƙi karɓar aikin kowa.

Ƙarfe goma na safe ta tashi.
Tara na dare waya ta yi ƙara:
Baba, na sauka, ƙarfe biyar ne a nan,
rana ma ba ta faɗi ba.
Na ƙirga da yatsu, na sake ƙirgawa.
Sha ɗaya ta yi a sama, bakwai agogonsu ya rubuta.
Ina huɗun suka shiga?
Ni da ake kawo wa agogon da ya yi latti da minti biyu
a ce in nemo su,
ga awa huɗu cur sun zube a teku
babu wanda ya kai ƙara.

Ta ce rana ce ta bi su,
la'asar ta miƙe ta ƙi ƙarewa,
har ta rasa inda za ta sa sallarta.

Alasan kuwa, taya ta fashe musu bayan Kintampo.
Ƙanwarsa ta haye teku, ta ci abinci, ta yi wanka,
shi yana zaune a kan dutse yana korar sauro,
bai ko ji ƙanshin Tamale ba.
Ya ce, Baba, wai wa ya yi nisa a cikinmu?

Kakana wata uku ya yi daga Kano zuwa Gwanja,
da jakuna, domin goro.
Ya san sunan kowace rijiya.
Ita ba ta ga komai ba sai gajimare
da bayan kujerar wani.

Alasan zai dawo ran Asabar, yana warin albasa.
Ita ta ce sai takardu sun nuna,
shekara biyu, ko uku.
Ashe sha ɗayan nan na tafiya ne kawai,
ba a faɗa mini na dawowa ba.

Agogonta na nan a kusurwar tebur,
na mayar da shi baya da awa huɗu.
Masu wucewa suna cewa, Malam, wannan ya lalace.
Nakan ce, a'a, na mai shi ne,
ba ta zo karɓa ba tukuna.