Titin da Ke Cizon Wutsiyarsa

Shekara ashirin da uku ina faci a bakin Tashar Dukku,
na san kowace hanya da irin ƙusar da take haifa:
ta Biu mai tsatsa ce, ta Kumo mai lanƙwasasshen kai.
Amma ban taɓa ganin titi marar garin zuwa ba
sai wannan da aka shimfiɗa a hanyar Dadin Kowa,
a gonar audugar da muka yi tsinka muna yara.

Kwalta baƙa ƙirin, an zana ta kamar ƙwan zabuwa,
kowace kwana ta ɗaga kafaɗa kamar bakin kasko.
Na tambayi injiniyan, ina ya nufa?
Ya ce, nan.
Daga ina ya taso?
Ya ce, nan ɗin dai.

Asabar aka buɗe.
Tun hantsi benci ya cika har can sama,
masu zoɓo da masu tsire na ratsa gwiwoyin mutane.
Wata tsohuwa ta toshe kunne da auduga,
wa ya sani ko jikar wadda ta tsiro a nan ce.

Mota talatin da biyu, kowace da lamba a ƙofa,
ba fitila, ba kujerar fasinja, ba wurin ɗora buhu.
Tamu sha bakwai ce, ruwan ɗorawa,
Lamela a ciki, yaron Kaltungo
da ya koyi tuƙi a akori-kura cike da tumatir.
Kafin ya sa hular kwano ya ce, Baba Jauro,
tayoyin dama ne za su ci wuya.
Rai na hannun Allah, taya na hannunka.

Aka kaɗa koren ƙyalle.
Ƙasa ta yi gurnani a tafin ƙafata,
haƙorana suka shiga gaisawa da juna.
Hagu, hagu, har yanzu hagu.
Ashe tuƙi ɗaya ne, da na mota da na tuwo:
muciya ta yi ta zaga tukunya
har sai abu ya yi kauri.

A zagaye na ɗari da tamanin yana na biyu
ya shigo mana, taya na hayaƙi.
Mu biyar muka tsallake katanga.
Ni da na saba ce wa direba
je ka sha shayi ka dawo,
yau daƙiƙa goma sha huɗu aka ba ni.
Noti ya ƙona ni ta cikin safar hannu,
na huɗu ya shiga, na biyar ya suɓuce,
ya gangara ƙarƙashin mota yana rawa.
Na ɗauko wani a aljihu. Daƙiƙa uku.
Uku kacal.
Mota biyu suka wuce ta cikinsu.

Bappayo aka kaɗa wa ƙyalle mai zanen dara,
jama'a suka miƙe kamar gero ya ji ruwa.
Mu ne na huɗu. Na huɗu ba shi da kofi.

Lamela ya fito ta taga, jiƙe sharkaf,
na rasa inda zan ajiye idona.
Bai ce komai ba. Ya kama hannuna ya juya,
ya ga bororo a yatsa uku,
ya juye musu sauran ruwan gorarsa.

Bayan isha na dawo ni kaɗai da tocila.
Kwaltar na nan da ɗuminta, kamar wadda aka tashi a kai yanzu,
ɓurɓushin roba warwatse kamar kashin awaki.
Na tsinci notin a gindin katanga, ya huce.
Na sa shi a aljihu, na bi farin layin a ƙasa,
hagu, hagu,
har na iso inda na bar takalmina.