Sule Bakwai na Kantin Labbo

Daren da Baba ya san tafiya ta zo,
bai yi zancen gona ba, bai yi zancen gida ba.
Ya kama yatsana, ya ce, "Makau,
Kantin Labbo na bi na sule bakwai.
Fitilar ƙwai ce da bargo guda,
shekarar da anka haifi ƙanwarka Luba.
Ka kai musu. Kada in kwanta da kayan mutane."

Na ce to. Me ɗa zai ce in ba to ba?

Da munka share makoki
na taka zuwa bakin tasha, nan Ƙaura,
inda dogo ya zo ya tsaya bai ƙara gaba ba.
Can kantin yake a da: ƙofa uku, koren fenti,
reshe a Gusau, reshe a Mafara,
har ana cewa abin da babu a Labbo
ba a ƙera shi ba tukuna.

Hancina bai manta ba:
sabon akoko, kananzir,
sabulun sanda da ake yankawa da zare.
Kwanonin sha masu fure a jere kamar 'yan firamare.
Keke rataye a rufi, tayarsa na juyi ita kaɗai
duk sadda jirgi ya iso.
Ga Malam Anaruwa akawu, alƙalami bayan kunne,
yana ba ni alewa guda
don in bar goga hanci a madubinsa.

Yau ƙofar farko ta mai cajin waya ce,
igiyoyi sun zubo kamar saiwar ceɗiya.
Ta biyu an toshe da bulo.
A ta uku akuya ce kwance tana tuƙa,
ta dube ni kamar ita ta ci gadon.

Na ce wa yaron, "Ina masu Kantin Labbo?"
Ya ce, "Labbo wa?
Baba, caji za ka yi ko cirar kuɗi?"

Ba Labbo kaɗai ba.
Kantin Kwara mai atamfa ya koma gareji.
Na Maitakalma, inda ake gwada ƙafa ana gobe Salla,
ko harsashinsa ban gane ba.
Kanti ba ya mutuwa da kururuwa.
Kaya ne ke janyewa daga kanta,
a baza gwangwani uku su rufe gurbin goma,
wata safiya a ga kwaɗo a ƙofa,
wata damina a ga kwaɗon ya yi tsatsa.

Na bi sawu har Gusau.
Anka ce 'ya'yan sun watse,
wani Kaduna, wani ƙasa ta rufe masa ido.
A wani zaure na iske autarsu, Hajiya Tumba,
tana auna gyaɗa
a sikelin tagullar nan da na sani
tun kaina bai kai kanta ba.

Na faɗi abin da ya kawo ni.
Ta yi dariya har ta share ido da bakin mayafi.
"Littafin bashi? Gara ta gama da shi tun ina goyon fari.
Da kowa ya dawo kamar kai, ɗana,
da har yau ƙofa uku na buɗe."

Nawa ne sule bakwai a kuɗin yanzu?
Mun auna da fitila, mun auna da bargo,
lissafi ya ƙi.
Na juye aljihuna a kan sikeli,
bai ko motsa ba.
Ta ce, "Ya biya. Allah ya ji ƙan Malam."
Ta ƙulla mani gyaɗa a leda.
"Gyara ce. Babanmu bai taɓa sallamar mutum hannu sake ba."

Fitilar na nan ƙarƙashin gadon Inna,
ƙwan ya tsage, an ɗinke shi da waya.
Daren jiya na sa mata lagwani.
Ta yi hayaƙi, ta yi tari,
sannan ta kama.