Baƙo a Baki

Shekara talatin ina matse dalma a bakin koma da haƙori,
a gaɓar Lagdo, tun kafin rana ta leƙo.
Filaya na nan cikin kwalekwale,
amma baki ya fi kusa.

Wata Laraba na ciza, na ji ƙas.
Na tofa a tafin hannu:
ɗan abu, bai kai ƙwayar masara ba,
ga shi ya tafi da rabin dariyata.

Na koyi shan shayi ta gefe guda,
na koyi gaisuwa da leɓe a rufe,
har mata masu sarin karfasa suka ce
Tanimu ya yi kuɗi, ya daina fara'a.
In na yi sallama sai iska ta tsere ta giɓin,
jikata Dudu ta faɗi ƙasa don dariya:
"Kaka, sake fito!"

Tasalla ce ta kwance bakin zane,
kuɗin adashinta, sefa dubu tamanin,
ta ce, "Na gaji da zama da mai gunguni.
Hau mota."

A Garwa, likitar sa'ar 'yata ce, Dakta Mairamu.
Ta haska fitila, ta ƙwanƙwasa,
ta ce saiwa na da rai, ba a tuge mai rai,
za a fiƙe shi ne a sa masa hula.
Na ce, ni da kaina ke yawo a rana ba hula,
yau haƙori ya riga ni.

Injinta ya yi kukan sauro a cikin ƙwaƙwalwata.
Ta cika mini baki da wani ƙulli mai sanyi
kamar lakar bakin dam,
ta ɗauki sawun abin da ya saura.

Sai ta kawo haƙora jere a kan ƙarfe,
kamar ƙananan kifi a tsinke.
Na nuna wanda ya fi fari.
Ta girgiza kai:
"Baba, wannan zai zauna a bakinka
kamar balbela cikin shamuwa."
Ta zaɓi wani da ka ce ya sha shayi,
ya ci goro tare da mu tun zamanin ƙuruciya.

Mako biyu, na koma, ta dasa shi.
Ta miƙo madubi. Na nema, na rasa wanne ne.

Harshe ne kawai bai yarda ba.
Dare da rana yana zagayawa
kamar maigidan da ya sauki baƙo,
yana tambaya ko an kwana lafiya.

Jiya na ɗaga dalma zuwa baki,
hannu ya tsaya da kansa a hanya.
Filaya na lilo a wuyana,
Tasalla ta rataya mini da igiyar koma.

Da yamma na yi sallama a ƙofar gida,
ta fita sumul, ba ko ɗigon iska.
Dudu ta dube ni, ta turo baki:
"Ina ka kai fiton?"