Kafin Kwalta Ta Narke

Mun jawo jiragen kan gaɓar Jabi, mun kife su,
damina ta tafi, ta bar mana tsaga da tsatsa.
Kwalta na kan wuta a tsohon gwangwanin madara.
Arzika ya goge hannu a wando,
ya ce, kafin ta narke, kowa ya fito da wayarsa.

Ndagi ne ya fara, shi dama bai iya jira ba.
Ga wani mai babbar riga a jirginsa,
rigar ruwa a kan shadda mai maiƙo,
ya damƙe gefen jirgi da hannu biyu,
haƙora a waje, addu'a a ciki.
"Ya ce mini shi injiniya ne," in ji Ndagi,
"na ce, ranka ya daɗe, zauna tsakiya,
ruwa bai iya karatu ba."

Na Arzika duk asuba ne.
Belbela a kan injin da ya ƙi tashi.
Fitilun babban kanti kwance a ruwa
kamar an zubar da tiren lemo.
Sai karfasa guda, ya miƙo ta gaba don ta yi girma,
muka ce ƙarya, mun ci ta tare,
ba ta kai tafin hannu ba.

Shekwolo ya buɗe hannu, babu komai.
Tasa ta faɗa tun cikin marka,
can wajen da kainuwa ke taruwa.
"Hoto ɗari uku," ya ce, "tarwaɗa na kallo."
Ya yi dariya, sannan ya daina.
Akwai na 'yarsa a ciki,
ranar da ta fara riƙe filafili,
ta juya mu sau uku a wuri ɗaya
tana ihu wai ta kai mu Lakwaja.

Baba Cindo wayarsa tocila ce kawai da rediyo.
Ya juya kwalta da tsinke, bai ɗago ba,
ya ce, "Wa ke da na ranar Laraba?"

Shiru.

Ranar da hadari ya taso daga Utako ba sallama,
ruwan ya koma baƙi kamar bayan tukunya,
ɗan jirgin feda ya juye da yara biyu da kawunsu.
Ndagi ya yanke igiya, bai tsaya kwancewa ba.
Ni na tuna nauyin yaron a hannuna,
da takalminsa ɗaya ja
da ya ci gaba da tafiya shi kaɗai.
Na tuna Arzika na kwarfe ruwa da hularsa.
Na tuna kawun ya yi amai, ya yi kuka,
ya nemi ya ba mu dubu biyu jiƙaƙƙu.

Babu mai hoton.
Hannu goma ne, kuma duk suna aiki.

Suka ce saura ni.
Nawa guda ne, ya ma karkace,
rabinsa babban yatsana ne.
Sauran rabin bayan Nomau, yana tuƙi,
gishirin gumi ya zana taswira a rigarsa.
Bai juyo ba. Ban ce ya juyo ba,
na ɗauka akwai gobe.
Ya koma Yawuri da Babbar Salla,
lambarsa tun daga nan wata mata ce
ke cewa a sake gwadawa.

Wayar ta zaga hannu zuwa hannu,
kowa ya ja hoton da yatsu biyu
kamar fuskar za ta fito ta ƙeya.

Baba Cindo ya ɗaga tsinke, baƙin zare ya biyo shi.
"Ta yi," ya ce.
Muka tura wayoyi cikin hula,
na ɗauki tsumma, na nufi jirgin Nomau,
don shi ya fi yoyo.